A Ba Mai Keke Haƙƙinsa A Hanyoyin Konni, Malbaza Da Illela

Jama'a, duk wanda ya saba yin sammako a ranar kasuwa a kan hanyar da ta tashi daga Birnin Konni ta nufi Tsarnawa ya san abin da za mu faɗa a yau. Tun kafin rana ta fito za ka tarar da masu kekuna sun jeru a bakin kwalta, wani ya ɗauro kwandon tumatir, wani ƙullin zogale da yakuwa, wani kuma kaji ne ya rataya a kan kariya. Mafi yawan kayan nan na iyayenmu mata ne da ke kasa su a kasuwa, waɗanda suka aiko ɗa ko ƙane ya kai masu. Da zarar babbar mota ta taso ta danna oda, ba abin da ya rage wa mai keken sai ya faɗa cikin yashi ko ƙaya, in Allah Ya kiyaye ransa to kwandon ya kife, jarin mako guda ya bi ƙasa.

Ra'ayinmu a nan shi ne, keke abin sana'a ne na ƙaramin ɗan kasuwa a waɗannan gundumomi uku na jihar Tawa, kuma lokaci ya yi da masu tsara hanyoyi da masu karɓar harajin kasuwa za su san da zamansa.

Bari mu fara da duba hanyoyin kansu. Babbar hanyar ƙasa mai lamba 1, wadda ta taso daga Yamai ta bi Doso da Dogon Dutsi, ita ce ta ratsa Konni ta wuce Tsarnawa da Malbaza da Galmi kafin ta kai Madawa da Maraɗi. Daga Konni zuwa Tsarnawa kimanin kilomita 15 ne, wato tafiyar kusan awa uku a ƙafa, amma mai keke yana yin ta cikin awa ɗaya ko da ɗan kaya a bayansa. A Tsarnawa ne hanyar Tawa ta rabu ta yi arewa, ta bi Gidan Idar ta hau tuddan Adar, ta gangara kwarin Badagishiri, inda ake ratsewa a nufi garin Illela. Ta kudu kuwa, tsakanin Konni da iyakar Nijeriya, inda ɗaya Illelar ta jihar Sakkwato take, bai kai kilomita 10 ba.

Ƙasar nan hawa da gangara ce, kuma albarkarta tana cikin kwarurruka. Ruwan Magiya da ake tarewa a madatsun Mozage da Zongo shi ke shayar da gandun noman rani na Konni, mai faɗin sama da eka 2,000 ta ma'aunin hekta. Albasar Galmi kuwa ba sai an faɗa ba, sunanta ya kai kasuwannin Abijan da Akara. To amma kafin wannan albasa ko kabeji ko tattasai su kai bakin kwalta inda motoci ke lodi, sai sun bi ta ƙananan hanyoyin gona da babu motar da ke shiga. A nan ne amalanke da jaki da keke ke yin aikin da ba wanda ke rubuta shi a littafi.

Wani zai ce ai zamanin keke ya wuce, yanzu babur ake yayi. Mu ma mun ɗauka haka ne a shekarun da man Nijeriya ke kwararowa da araha, ana sayar da shi a kwalabe a kowane lungu na Konni. Sai ga shi a ranar 29 ga Mayun 2023 gwamnatin Nijeriya ta janye tallafin mai, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen naira 500 cikin 'yan kwanaki, daga baya ma ta zarce haka. Wata biyu bayan nan aka rufe iyaka sakamakon juyin mulkin 26 ga Yuli, ba a buɗe ta ba sai a watan Maris na 2024. Haka kuma ba mu manta da dogayen layukan gidajen mai na watan Maris ɗin 2025 ba. A duk waɗannan lokuta kuɗin kabu-kabu tashi ya yi, wadda ta dogara da shi ko dai ta ƙara wa kayanta kuɗi masu saye su gudu, ko ta haƙura da cin kasuwar ranar. Wanda ke da keke a zaure kuwa, iska kawai ya buga wa tayarsa ya kama hanya. Ai Bahaushe ya ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Hajiya, ga wani ɗan lissafi ki yi da kanki. A ce kina biyan jika ɗaya ta sefa, zuwa da dawowa, a duk ranar da kika aika kaya kasuwa, kuma kina cin kasuwa uku a mako. Jika uku ke nan a mako, a shekara kuwa jika 156. Ki tura a tambayo maki kuɗin keke mai ƙwari a kasuwa, ki haɗa da kuɗin faci da sarƙa da taya na shekara, sannan ki kwatanta. Wannan bambanci da za ki gani, shi ne ribar da take zubewa a hanya ba tare da kin lura ba.

Ba mu ce keke zai yi komai ba. Babban buhun albasa yakan kai kilo 100 ko fiye, kuma duk wanda ya ɗora shi a kan keke ya ce zai hau tudun Adar, turawa zai yi har ya gaji. Zafin watan Afrilu da Mayu, lokacin da ma'auni ke haura 40, ba ya barin a yi doguwar tafiya da tsakar rana. Bugu da ƙari, halin rashin tsaro da ake fama da shi a wasu ƙauyukan bakin iyaka ya sa tafiyar dare ko tafiyar mutum shi kaɗai ba dabara ba ce. Aikin keke shi ne gajeriyar tafiya ta kilomita 5 zuwa 20 da matsakaicin kaya, da sanyin safiya ko na yamma, kuma irin wannan tafiya ita ce mafi yawa a rayuwar mai ƙaramin jari.

Akwai kuma batun hawan mata. Mun san a yankinmu ba kasafai ake ganin babbar mace a kan keke ba, alhali a Wagadugu ta Burkina Faso mata na tuƙa shi da kayansu zuwa kasuwa ba wanda ya ɗaga ido ya dube su. Wannan magana ce ta kowane gida da abin da ya yarda da shi, ba za mu yanke wa kowa hukunci ba. Sai dai wadda ba ta hawa ai tana iya mallaka. Kwasar adashi ɗaya ko biyu ta isa ta sayi keke da sunanta, ɗanta ya kai mata kaya da safe, ya wuce makaranta da shi, ranar da ba kasuwa ta ba da shi haya.

Sauran ƙasashe sun riga mu gane wannan. Sana'ar boda-boda da ta cika gabashin Afirka a yau, da kekuna ta faro a kan iyakar Yuganda da Kenya, inda ake ɗaukar mutane da kaya daga wannan shinge zuwa wancan, tamkar tsakanin Konni da Illela. A shekarar 2018 kuma Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware ranar 3 ga Yuni ta kowace shekara a matsayin ranar keke ta duniya. Mu da kakanninmu suka yi fatauci a kan Rali har Sakkwato, bai kamata a ce sai an zo daga waje an tuna mana da darajarsa ba.

Saboda haka muna da kira guda huɗu ga mahukunta. Na farko, duk lokacin da za a gyara hanya mai lamba 1 ko hanyar Tawa, a sa a cikin kwangila cewa za a yi kafaɗar hanya mai faɗi da ƙwari, musamman tsakanin Konni da Galmi, inda motocin albasa da na simintin Malbaza da manyan motocin fasinja ke gogayya a kan kwalta ɗaya. Bakin kwaltar da ya zaizaye ya zama kamar matakala shi ne ke kayar da mai keke a gaban mota. Na biyu, a zuba jar ƙasa a hanyoyin da suka haɗa gonakin fadama da kasuwanni, a kuma yi shimfiɗar siminti a mashigan ƙoramu, domin da damina ruwan awa biyu kan raba ƙauye da kasuwarsa har kayan gwari su ruɓe. Na uku, a sa alamu da tudun rage gudu a mashigar garuruwan da kasuwarsu ke ci a bakin hanya. Na huɗu, ƙananan hukumomin da ke karɓar harajinmu a kowace ranar kasuwa su keɓe wuri mai inuwa da mai gadi inda za a ajiye kekuna, su kuma ba masu gyara rumfa a kusa. Wannan na ƙarshen ba ya bukatar jiran kuɗi daga Yamai.

Mu ma 'yan kasuwa akwai namu laifin. Sau nawa muke ganin keke ba birki, yaro na tsayar da shi da tafin ƙafa a gangara? Sau nawa ake fitowa da asuba ba fitila ba wani abu mai ƙyalli a baya, direba bai ankara ba sai ya zo daf? Mu kan ɗora wa yaro ɗan shekara goma kayan da ya fi shi nauyi, mu tura shi kan babbar hanya, in tsautsayi ya faɗa mu ce ƙaddara. Ƙaddara gaskiya ce, amma rigakafi ya fi magani. Shugabannin 'yan kasuwa da na ƙungiyoyin mata su sa ido a kan wannan, masu shagunan kayan gyara kuma su ji tsoron Allah su daina kawo tayar da ba ta wata guda.

Daga ƙarshe, ga wata shawara da za ta kawo ciniki. A garin Tawa aka fara gasar kokawar gargajiya ta ƙasa a 1975, kuma kowa ya san yadda masu abinci da masu masauki ke samu a duk garin da ta sauka. Burkina Faso na shirya tseren kekunanta na Tour du Faso tun 1987, Ruwanda ta karɓi gasar tseren keke ta duniya a Kigali a 2025, karo na farko a Afirka, sannan Biniam Girmay ɗan Eritiriya ya ci zango uku a tseren Faransa na 2024. Me zai hana attajiran Konni da Malbaza da Illela su haɗa kai su sa kyauta, a yi tseren matasa sau ɗaya a shekara da sanyin hunturu, a tashi daga Konni a bi Tsarnawa da Gidan Idar a ƙare a Badagishiri? Mai ƙosai da mai fura da mai tsire duk za su samu, kuma ranar da manya suka tsaya a bakin hanyar suna kallo, za su ga ramukan da muke magana a kai da idonsu.

Muna fata masu riƙe da ƙananan hukumomin nan za su sa wannan batu a cikin kasafin shekara mai zuwa, mu kuma za mu ci gaba da tuna masu. Allah Ya tsare matafiyanmu, Ya sa albarka a kasuwanninmu, amin.