Fantasi: Kar Ka Sayi Rago Ranar Jajiberi

Duk ranar Litinin, kafin malami ya shigo aji, hirar da ta fi tashi a bayan aji ita ce maki nawa kowa ya samu a Fantasy Premier League, wato fantasi kamar yadda muke kiranta. Wanga yana dariya, wancan yana rantsuwa cewa koci ne ya cuce shi da ya ajiye masa ɗan wasa a benci. Ni dai ra'ayina shi ne, mafi yawanmu mu ke cutar kanmu tun ranar da muka shiga kasuwar sayen 'yan wasa, domin suna muke saye da tsada, mu bar aiki yana kwance da araha.

Ga wanda bai taɓa bugawa ba: ana ba ka fam miliyan 100 na ƙarya, ka sayi 'yan wasa 15 daga gasar Firimiya ta Ingila, masu tsaron gida 2, 'yan baya 5, 'yan tsakiya 5, 'yan gaba 3, kuma ba ka ɗaukar fiye da uku daga kulob guda. Ɗan gaba ya ci ƙwallo maki 4 ne, ɗan tsakiya 5, ɗan baya 6. Wanda ya ba da aka ci yana da 3. Ɗan baya in an tashi ba a ci su ba yana da 4. Kyaftin kuma a ninka masa nasa. Kowa da jari iri ɗaya yake farawa, ɗan gidan mai kuɗi da ɗan gidan talaka. Abin da ya rage sanin kasuwa ne.

Mu kuwa 'yan Gummi da Anka da Bukkuyum bai kamata a koya mana kasuwa ba. Kowa ya san mai kiwon turka a unguwarsu. Yakan sayi ramammen rago watanni kafin Layya, lokacin da ba mai waiwayarsa, ya duba haƙori da ƙashi da tsayi, ya ɗaure shi yana ba shi dusa da harawa. Ranar jajiberi sai ga mai gaggawa ya zo ya biya ninki a kan ragon nan. Haka mai ajiyar shinkafa da gero yake yi da kaka, ya jira damina. Dukansu abu guda suka gane: farashin yau labarin jiya ne da ɗokin jama'a. A fantasi ma haka ne. Kuɗin da aka sa wa ɗan wasa a farkon kaka daga abin da ya yi bara ne, sannan ya riƙa hawa da sauka gwargwadon yawan masu saye da sayarwa. Makin da zai kawo maka gobe ba ya rubuce a jikin farashin.

Duba Cole Palmer. A farkon kakar 2023/24 an sa masa fam miliyan 5.0, domin zaman benci yake yi a Manchester City. Ya koma Chelsea a watan Satumba, aka ba shi fili, aka ba shi bugun fenariti, ya ci ƙwallo 22, ya ƙare da maki 244, sama da kowa a kakar. Erling Haaland da aka fara sayarwa miliyan 14.0 ya samu 217. Yi lissafin da kanka: kowace miliyan da aka zuba a kan Palmer ta dawo da maki kusan 49, ta Haaland kuwa ba ta kai 16 ba. Kafin shi an ga Riyad Mahrez na Leicester a 2015/16, miliyan 5.5 ya ba da maki 240. An kuma ga John Lundstram na Sheffield United a 2019/20, wanda aka rubuta shi ɗan baya a miliyan 4.0, alhali a fili tsakiya yake bugawa, yana kai hari yana kuma karɓar makin 'yan baya.

In ka lura, alamomin ramammen rago a wanga wasa ba ɓoyayyu ba ne. Na farko, yana buga minti 90 kowane mako, don wanda ba ya fili ko kyauta aka ba ka shi ya yi tsada. Na biyu, shi ke buga fenariti ko kwana ko bugun tazara a kulob ɗinsu. Na uku, matsayinsa ya canja bayan an riga an yanka masa farashi, ko dai ya sauya kulob, ko sabon koci ya matsar da shi gaba. Na huɗu, wasannin da ke gabansa biyar ko shida masu sauƙi ne. Na biyar, yana samun damar ci ko da ƙwallon ba ta fara shiga ba. Alƙaluman da ake kira xG aikinsu ke nan, auna kyawun damar da mutum ya samu, kuma suna nan cikin manhajar kyauta. Juma'ar da za ta yi kyau, ai tun daga Laraba ake gane ta.

To su wane ne masu tsadar banza? Kashi na farko su ne waɗanda zuciya ta saya mana. A gidan kallo kowa da kulob ɗinsa, kuma za ka ga ɗan Man United ya cika gurabensa uku da 'yan United ko da suna shan kashi, ɗan Arsenal ya rantse ba zai taɓa sa ɗan Tottenham ba. So hana ganin laifi. Haka aka yi da Ahmed Musa a 2016. Namu ne, tsohon ɗan Kano Pillars, Leicester mai riƙe da kofi ta saye shi, kuma ya zura wa Barcelona biyu a wasan share fage. Wa zai ƙi shi? Amma a kakar ƙwallo biyu ya ci a Firimiya, domin Jamie Vardy ne mai gurbin, shi kuwa yawanci daga benci yake tasowa. Girman Musa a ƙwallon Najeriya yana nan daram, fantasi dai minti take ƙirgawa.

Kashi na biyu su ne waɗanda muka biyo a makare. Odion Ighalo ya ci wa Watford 15 a 2015/16, mafi yawansu kafin sabuwar shekara. Wanda ya saye shi da wuri ya sha romo. Wanda ya jira sai da sunan ya cika gari, ya tarar da tukunya ta huce, kuma a kaka ta gaba ƙwallo ɗaya ya ci kafin ya tafi China a Janairun 2017. Kashi na uku kuwa gwanaye ne na gaske waɗanda tsarin maki bai san da zamansu ba. N'Golo Kante ya ɗauki kofin Firimiya da Leicester da Chelsea a jere, amma a fantasi abin da yake kawowa kaɗan ne, don a lokacin ƙwace ƙwallo ba ya ba da maki kai tsaye. Sai a kakar 2025/26 aka fara ba da maki 2 ga ɗan bayan da ya yi aikin tsaro sau 10 a wasa, ko ɗan tsakiyar da ya yi sau 12. Doka in ta canja, darajar mutane ma ta canja, kuma wanda ya fara karanta dokar shi ke riga kowa zuwa kasuwa.

Na san wani zai ce, malam, araha fa ba ta ado. Yana da gaskiyarsa. Mohamed Salah ya fara kakar 2024/25 a miliyan 12.5, ya ci 29, ya ba da 18, ya tara maki 344, adadin da ba a taɓa samu ba. Wanda ya guje shi don tsada ya sha wuya, musamman da yake kyaftin ninki yake ci, kuma mutum ba ya ɗora kyaftin a kan wanda bai amince da shi ba. Amma a kakar nan dai Haaland na miliyan 15.0 ya ci 22, Chris Wood na Nottingham Forest mai miliyan 6.0 ya ci 20. Miliyan taran da ke tsakaninsu ta isa ta gyara maka tsakiya gaba ɗaya. Shi ya sa nake ganin mai tsada ɗaya ko biyu sun wadatar, sauran kuɗin a bazu neman irin su Wood da Ola Aina.

Akwai kuma lissafin da ya shafe mu mu kaɗai, wanda masu sharhi na Landan ba za su faɗa maka ba. Ana rufe canji minti 90 kafin wasan farko na mako. Ɗalibin da ya tafi hutu ƙauyensu a Gummi ko Bukkuyum, wata rana sai ya nemi tudu kafin sabis ya kama, ga caji sai an kai shago. Mun kuma ga Satumbar 2021, da aka katse layukan waya a Zamfara baki ɗaya har tsawon makonni. Ga irinmu, ɗan wasan da kullum ana shakkar ko zai fara ya fi tsada fiye da yadda farashinsa ya nuna, kuma bencin da ke da masu bugawa na gaske ya cancanci kuɗinsa. Ka tuna da gasar Kofin Afirka ma, wadda kan kwashe 'yan wasanmu a tsakiyar kaka. Sannan kowane canji bayan na kyauta maki 4 ake zaftare maka. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Abu na ƙarshe, ga masu haɗa gasa a hostel ana zuba kuɗi wanda ya zo na ɗaya ya kwashe: wannan ya tashi daga wasa ya koma caca, kuma kuɗin abincin wani ne ke tafiya. A bar shi a gasar alfahari. Ribar da ke ciki ta fi wannan, domin ɗalibin akanta ko na kasuwanci da ya saba tambayar "me zan samu a kan kowace miliyan?" kafin ya danna saye, gobe zai yi tambayar nan a kan buhun shinkafa, da fili, da wayar hannu. Kafin a rufe canjin wanga mako, buɗe tawagarka, ka duba mutum uku mafi tsada, ka tambayi kanka ko makinsu ka saya ko rigarsu.