Ka je Damagaram, ka dawo da hoton shawarma?

Ƴan uwa matasa, yau da ku nake, kuma da kaina nake.

Watan jiya na taso daga Dakoro zuwa Damagaram, na bi ta Maraɗi. Abokin da ya tarbe ni a tasha ya ce zai kai ni wurin cin abinci na musamman. Muka hau kabukabu. Ina muka tsaya? Wani ɗaki mai gilasai da fitilu masu launi, sunansa da Faransanci. Shawarma, soyayyen dankali, lemon kwalba. Jikka uku ta tafi, cikina bai san an yi ba. Kowa na riƙe da waya yana ɗaukar hoton faranti. Wallahi irin wannan ɗakin akwai shi a Maraɗi, akwai shi a Yamai, akwai shi a Kano. Me ya kawo ni tun daga Dakoro?

Wannan fa Damagaram ce. Garin da Sarki Tanimun ya kewaye da ganuwa a ƙarni na 19, garin da ya riƙe matsayin babban birnin Nijar kafin Turawa su maida shi Yamai a 1926. A ce a gari irin wannan ba abin da za a ba baƙo sai abincin da aka aro jiya?

Washegari na shiga Birni ni kaɗai, a ƙasa. Na gaida wani dattijo a gindin bango, na ce, "Baba, ina ake cin abincin gari?" Ya haɗa ni da yaro. Lungu biyu, sai ga wani zaure na ƙasa, ba allo, ba suna. Tabarma, buta, ƙamshin man shanu da daddawa. Wata Inna ta zubo mini burabusko da miya, ta tambayi mutanen gida kamar ta san su. Da ta ji daga Dakoro nake, sai ta ce don me ban riƙo mata cuku ba. Dala ɗari na biya, har da guzurin alkaki.

Ba za ka ga wannan zauren a Google Maps ba, kuma nan matsalarmu take. Mun ba waya amanar cikinmu, ita kuwa waya mai allo da fitila kawai ta sani. Wanda ya san gari, wato ɗan kabukabu da ɗan dako a kasuwar Dole da tsohon da ke zaune bakin masallaci, mun daina tambayarsa saboda sai an yi gaisuwa.

Za ku ce tsabta. To, na yarda, akwai masu ƙazanta, a yi musu magana. Amma a zaure ina kallon tukunya, ina kallon hannun mai zubawa. A ɗakin gilasai wa ya taɓa leƙa madafa? Mu faɗi gaskiya, kunya muke ji a gan mu kan tabarma.

Inna ta ce mini ɗiyanta ba mai son karɓar sana'ar, don samari sun daina zuwa, sai tsofaffi. Ranar da ta aje muciya, wannan miyar ta tafi ke nan. Mu da muke cika Facebook da kukan al'ada na ɓacewa, mu ne muka ɗauke kuɗinmu muka kai wani wuri.

Abokina ya kira ni da dare, wai ina na shige duk yini. A unguwar Zango aka haife shi, tafiyar ƙafa ce zuwa Birni, amma bai taɓa jin labarin zauren ba. Na ce ya shirya, gobe ni baƙo zan kai shi.