Injina takwas a cikin waya, amma wa ke tashin su?

Duk wanda ya taɓa sayen waya ya ga "Octa-core" a jikin kwali. Ma'anarsa ƙwaƙwalwar wayar na ɗauke da ƙananan injina takwas. Abin da ba a cika sani ba shi ne, idan aka kunna waya, ɗaya ne kacal ke farkawa. Sauran bakwai na kwance sai babbar manhaja ta sa an ba su wuta, ta kuma nuna wa kowanne inda zai fara aiki.

A wayoyin Android, Linux ce ke wannan aiki, don a kanta aka gina Android. A da, kowane kamfani mai ƙera ƙwaƙwalwa bisa tsarin ARM yana da nasa salon tashin injina, kuma sai an rubuta masa umarni na daban. Irin wannan rarrabuwa ta yi yawa har Linus Torvalds, wanda ya ƙirƙiro Linux, ya fito fili ya koka a 2011. Daga baya kamfanin ARM ya fitar da ƙa'ida guda mai suna PSCI: Linux ta nemi a tashi injin kaza, ƙaramar manhajar da ke dashe a na'urar ta aiwatar. Haka ma idan za a kwantar da shi don tattalin batir.

Wannan ce hanyar da ta dace, kuma bai kamata a tsaya iya nan ba. Har yanzu akwai kamfanonin da ke riƙe sauran gyare-gyarensu a nasu kwafin Linux, ba sa miƙa su ga asalin manhajar da kowa ke kula da ita. Ranar da kamfani ya juya baya, wayar ta maƙale a tsohuwar manhaja, ƙofofin kutse a buɗe, ga manhajar banki a ciki.

Kamfanoni na iya cewa aikin na cin kuɗi, ribar waya mai araha kuma ba ta da yawa. Gaskiya ne. Amma mai ƙaramin ƙarfi shi ya fi daɗewa da waya ɗaya, don haka shi ya fi cutuwa.

Kafin mai saye ya ƙirga injina, gara ya tambayi shekara nawa kamfani ya yi alkawarin sabunta manhajar wayar.