Kafin ka yi fostin kan ruwan famfo, leƙa kwatamin gidanku

Kai da kake Bebeji ko Ƙiru, ke da kike Tudun Wada ko Doguwa, kun san yadda ake fama idan rani ya yi tsanani. Rijiya ta ja baya, burtsatse ta lalace, 'yan garuwa su ƙara kuɗin jarka. Nan da nan Facebook ya cika da ƙorafi: ga Dam ɗin Tiga a ƙofar gida, amma muna sayen ruwa!

Ƙorafin yana kan hanya. Tun 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, aka kammala Tiga a ƙasar Bebeji. Ruwansa ne ke raya noman rani a Kadawa da Kura, kuma shi ake tacewa a Tamburawa a kai birnin Kano. Don haka neman famfo haƙƙinmu ne, kada mu gaji.

Amma tsakani da Allah, yaushe rabon da ka ga wani ya yi fostin kan inda ruwan ƙazantarmu yake zuwa? Garuruwanmu ba su da bututun kwashe shi zuwa matata. Ruwan wanka da wanke-wanke ya bi rariya ya kwanta a lungu. Masai kuwa rami ne, sau da yawa taku kaɗan tsakaninsa da rijiyar maƙwabci, alhali masana lafiya suna son a bar tazarar kamar mita 30. Da damina ta sauka, ƙasa ta jiƙe, sai na masai ya tsiyaya cikin na sha. Ta nan amai da gudawa da taifod suke shigo mana gida. Wanda ya kwarara ta kwata kuma, daga Doguwa da Tudun Wada, Kogin Kano zai kwashe shi ya zuba a Tigan da muke kuka a kai.

Maƙwabciyarmu Jigawa ta zama jihar farko da aka ayyana ta daina bahaya a fili a 2022. Mu me ya hana mu?

To, ga aiki. Auna tazarar masai da rijiya a gidanku. Ku haɗu a unguwa ku yashe kwata kafin ruwan farko. Ɗauki hoton burtsatsen da ta mutu da kwatamin da ya toshe, rubuta sunan unguwa da kwanan wata, ka tura wa kansila da shugaban ƙaramar hukuma da RUWASA. Idan ɗan siyasa ya zo da alƙawarin famfo, ka tambaye shi: to magudana fa?