FILIN MASU MOTA: Zama Da Maɗaukin Kanwa, Ko Abin Da Zafin Salansa Ke Yi Wa Kik

Akwai wata irin rashin lafiya ta mota wadda ta sha raba direbobi da kuɗinsu a banza. Da asuba mota za ta tashi da murɗa makulli ɗaya. A yi tafiya mai nisa, a ce daga Kaduna zuwa Kano, a tsaya shan mai ko salla, a kashe inji. Da an dawo bayan minti goma, sai kik ya riƙa juyawa da kyar kamar mai ciwon baya, ko kuwa a ji ƙas, sa'an nan shiru. In an yi haƙuri rabin sa'a, sai ta tashi kamar ba ita ba. Nan da nan akan ɗora wa batir laifi, a sayi sabo, kashegari kuwa cutar ta dawo. Sau da yawa batir ba shi da alhaki. Zafi ne ya kama kik.

Kik, wanda wasu ke ce wa sitata, ƙaramin injin lantarki ne da ke juya babban inji har ya kama. Charles Kettering na Amurka da abokan aikinsa ne suka ƙera wanda aka sa wa motar Cadillac a 1912, tun daga nan aka fara hutawa da juya inji da hannu. Mazauninsa a bayan inji yake, can ƙasa, inda haƙoransa za su kama na babban faifan ƙarfen nan da ke tsakanin inji da giya. A motoci da yawa, musamman masu inji mai siffar V, ta nan ne bututun hayaƙi ke sauka. Hayaƙin da ke fita daga inji kuwa zafinsa yakan kai digiri 600, har ya zarce in mota na hawan tudu da kaya. Hausawa sun ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai.

Abin lura shi ne ba a lokacin gudu ɓarnar ta fi yawa ba, domin iska na shiga tana kwashe zafin. Sai an kashe inji, fanka ta tsaya, ruwan lagireto ya daina zagayawa, sa'an nan zafin da ƙarfe ya tara ya rasa mafita, ya bi maƙwabta. Cikin kik kuwa wayoyin jan ƙarfe ne a nannaɗe, kuma halin jan ƙarfe ne ya riƙa tauye wa lantarki hanya in ya yi zafi. Duk ƙarin digiri 100 yakan ƙara wannan tauyewa da kusan kashi 40 cikin ɗari. To, kik na motar fetur yana bukatar amfiya 100 zuwa 200 kafin ya juya inji, batir kuwa bolt 12 kawai ke gare shi. Da an tauye hanya, ƙarfi ya ragu. Solonoid, watau ƙaramin gwangwanin da ke goye a bayan kik, wanda ke tura haƙora ya kuma haɗa wuta, shi ne yakan fara kasawa. Wannan ƙas ɗin da ake ji, muryarsa ce.

Cutar ta fi tsanani ga waɗanda suka cire manifol na asali mai kauri, na ƙarfen zubi, suka sa bututu sirara don ƙarin gudu, domin siririn ƙarfe ya fi feso zafi, kuma yakan bi kusa da kik ƙwarai. Masu tsofaffin Chevrolet masu silinda 8 a Amurka sun daɗe da sanin wannan. Kamfanin Toyota kuwa, a injin Land Cruiser mai silinda 8 da ya fito a 1998, sai ya ɓoye kik a saman inji, a kwarin da ke tsakanin layukan silinda, nesa da hayaƙi. A nan ƙasar, abin da ya fi jawo cutar shi ne sakaci. Masu ƙera mota sukan sa wani faranti tsakanin bututu da kik. In makanike ya kwance shi wajen gyara, sau da yawa yakan yi ƙyuyar mayarwa, ya ce gwangwani ne kawai. Zafin bazara na Sakkwato ko Maiduguri, da cunkoson Legas inda mota kan wuni tana huci ba iska, sai su cika aikin.

Kafin a kashe kwabo, ya kamata a tabbatar da mai laifi. Batir mai lafiya yakan nuna bolt 12.6 yana hutawa, kuma bai kamata ya sauka ƙasa da 9.6 ba lokacin da ake murɗa makulli. A duba kawunansa, a kankare tsatsa. A duba wayar at da ta haɗa inji da jikin mota, domin tsohuwar waya mai tsatsa a ciki ita ma tana kasawa in ta ji zafi. A tsofaffin motoci a duba taimin, don in an tura shi gaba da yawa inji mai zafi yakan yi wa kik gardama. Lalle ne a yi awon nan mota tana da zafi, domin a sanyi cutar ɓuya take yi.

In an tabbata zafi ne, magani mafi sauƙi shi ne a mayar da faranti. In ya ɓata, maƙeri zai iya yanka wani na alminiyam ko farin ƙarfe mara tsatsa. Sharaɗi dai a bar rata, kamar faɗin yatsa, ta kowane gefe, domin iskar da ke tsakani ita ce rabin maganin. Kada ya jingina da bututu, gama alminiyam na narkewa a digiri 660. Kada kuma ya taɓa kusoshin wuta na solonoid, in ba haka ba gobara ce. A cire wayar batir ta at kafin a sa hannu. Akwai kuma riga ta zaren gilashi mai fuskar alminiyam da ake ɗaura wa kik, fuskar mai ƙyalli tana duban bututu. Mai gyaran wayarin zai iya ƙara rile, don wuta ta isa solonoid kai tsaye daga batir. Mai hali kuwa ya nemi ƙaramin kik mai giya a ciki, wanda ke barin rata mai yawa.

Abubuwa huɗu ne za a guje wa. Kada a naɗe bututu da zaren asbestos, domin ƙurarsa na jawo ciwon daji a huhu, ƙasashe da dama sun haramta shi. Kada a watsa wa manifol mai zafi ruwa, yana iya tsagewa. Kada a bugi kik da guduma, don na zamani da yawa maganaɗisu ne a cikinsu mai saurin fashewa. Kada kuma a riƙe makulli fiye da daƙiƙa 15 ba hutu.

Mota mai giyar hannu akan tura ta ta tashi. Mai otomatik kuwa ba ta turuwa, sai jira, ko da a tsakiyar daji ne da dare da iyali a ciki. Saboda haka duk wanda aka kwance wa kik, ya tsaya ya ga an mayar da farantinsa kafin ya biya kuɗin aiki.