Martani: Kwashe Yara a Mota Ba Magani Ba Ne

Malam, ka rubuta cewa a kwashe yaran da ke kwana a tashoshin mota da ƙarƙashin gadojin Kano, a mayar da kowa garinsu. Ai an gwada haka a 2020, lokacin korona. Gwamnonin Arewa suka riƙa mayar wa juna almajirai, wasu ma suka isa Kaduna ɗauke da cutar. Yau titunan sun rabu da yara? Wanda yunwa ko rikicin gida ya koro, wurin wa za ka kai shi? Da kuɗin zakka, masallacin unguwa da mai unguwa za su iya sama masa makwanci, abinci da ubangidan da zai koya masa kanikanci ko ɗinki. Wannan ko ambatonsa ba ka yi ba.