Sharhi: A Duba Murfin Inji Kafin A Zuba Wa Jif Baƙin Mai

 Sharhin namu na yau a kan baƙin mai yake, wato juyen da ake yi wa manyan motocin nan na zamani da muke kira jif, irin su Highlander da RAV4 da CR-V da Lexus RX 350, waɗanda suka cika titunan Kano da Kaduna da Zariya da Sakkwato.

Mutum zai yi shekaru yana tara kuɗi, wani har da cin bashi, ya sayi jif 'yar Kwatano. Kullum safiya sai an wanke ta an goge. Amma ranar juye sai ya miƙa wa direba mukulli ya ce a kai ta gareji, shi ke nan. Bai san man da aka zuba mata ba, bai san ko an canza filta ba. Bayan shekara ɗaya ko biyu a ce masa inji ya buga, sai ya hau faɗa yana cewa motocin yanzu ba su da ƙarko. Motar tana da ƙarko, jama'a. A gareji aka kashe ta, sannu a hankali, juye bayan juye.

Ba duk makanikai nake nufi ba. Akwai masu tsoron Allah, akwai masu neman sani, muna kuma gode musu. Wanda nake nufi shi ne bakaniken da hannunsa ya tsaya a zamanin Fijo 504, yana kuma taɓa injin yau da wannan hannun na jiya. Kun san shi. Ka kawo masa galan na mai, an rubuta 0W-20 a jikinsa. Ya buɗe, ya tsoma ɗan yatsa, ya murza da babban yatsa, ya ɗaga sama ya ga ko zai yi yauƙi. Sai ya girgiza kai ya ce, "Alhaji, wannan ai ruwa ne. Man ƙasar sanyi ne, ba zai jure zafin nan namu ba. Bari a sa mata mai kauri." Alhaji kuma ya ce to, ai kai ne ka san aikinka. A aika yaro ya kawo 20W-50.

Wannan murza yatsan shi ne abin da ke ci mini rai. Kamfanin da ya ƙera injin ya riga ya rubuta irin man da yake sha. A yawancin waɗannan motoci yana nan a kan murfin da ake buɗewa a zuba man, rubutu ɓaro-ɓaro. Yana kuma cikin littafin motar. Bakanike da hannunsa yake kwance murfin nan, ya ajiye shi a gefe, bai karanta ba. A duba murfin, jama'a. Kafin a zuba komai, a duba murfin.

Fijon da aka fara harhaɗawa a Kaduna a 1975, mai kauri ya dace da ita, don ƙarafan cikin injinta suna da sarari a tsakaninsu. A kanta iyayen gidan makanikanmu da yawa suka koyi aiki, kuma abin da suka koya gaskiya ne a lokacinsa. Injin yau daban yake. Ƙarafansa a matse suke, hanyoyin da mai ke bi sirara ne ƙwarai. Akwai kuma abin nan da Toyota ke kira VVT-i, Honda kuma i-VTEC, wanda ke daidaita lokacin buɗewa da rufewar bawul. Da ƙarfin turin baƙin mai yake aiki, ta wasu 'yan ƙananan ƙofofi. Zuba wa irin wannan inji 20W-50 tamkar ɗura kunu ne ta allurar likita. Zai wuce, amma da ƙyar, kuma a makare. Makarar nan ita ce matsalar, domin babban rabon cin ƙarfe da inji ke yi a lokacin tayarwa ne, kafin mai ya haura sama ya kai ko'ina. Wannan ƙarar kar-kar-kar da wasu ke ji da asuba in sun tayar da mota, sau da yawa kukan ƙarfe ne da mai bai iso wurinsa ba.

Sai maganar zafin ƙasarmu, wadda ita ce hujjarsu kullum. Inji ba da zafin gari yake aiki ba. Da zarar ya ɗauki zafi, ruwan da ke sanyaya shi yana zama wajen digiri 90 ne, a Kano yake ko a Kanada, saboda akwai 'yar na'urar tamostat da ke tsare wannan. Waɗannan motoci suna yawo a hamadar Arizona ta Amurka, inda zafi ke haura digiri 40, da wannan man dai da ake ce mana ruwa ne. Abin takaici, bakaniken da ya ce man ba zai jure zafi ba, shi ne dai ke cire tamostat ɗin ya jefar, ya haɗa fanka kai tsaye. Wannan kuma sharhin wata rana ne.

Na yarda, akwai motocin da littafinsu ya halatta 5W-30 ko wani mai da ya ɗan fi kauri. In littafin ya ce haka, madalla, a bi. Littafin ne ke da ta cewa. Yatsa ba ya auna mai.

Mu zo kan filta. Nan ma hannun jiya yana ɓarna. Da yawa daga cikin jif-jif ɗin Toyota da Lexus ba filtar gwangwani suke da ita ba, wadda ake kwancewa a jefar. Tasu takarda ce mai ninki-ninki, tana zaune cikin wani ƙoƙo, sau da yawa na roba mai tauri. Sabuwar takardar tana zuwa da zoben roba a cikin kwalinta, kuma dole ne a canza zoben, a shafa masa ɗan mai kafin a ɗaura. Ƙoƙon nan yana da sifanarsa ta musamman. Amma je ka tsaya ka gani. Yaro ne kwance a ƙarƙashin mota a kan kwali, da guduma da cizal, yana dukan ƙoƙon roba don ya kwance. In ya tsage, a liƙe da gam. Zoben roba kuma a bar tsohon, sabon ya bi shara tare da kwalinsa. Wajen ɗaurewa a sa ƙarfin tsiya, har da taka sifana da ƙafa, alhali ɗauri ne kaɗan ake buƙata. Haka ake yi wa notin juye na ƙasa. Akwai 'yar washa a jikinsa da ake canzawa duk juye, ba a canzawa, sai dai a ƙara matsewa har zaren ya lalace, sannan a naɗa masa leda. Washegari maigida ya ga ɗigon baƙi a tsakar gida, ya ce tsufa ne.

Mafi muni shi ne wanda zai ciro tsohuwar filta, ya wanke ta da fetur, ya busa mata iska, ya mayar, ya kuma karɓi kuɗin sabuwa. Don Allah a saurari wannan da kyau. A cikin tsarin filta akwai wata 'yar ƙofar ko-ta-kwana. Idan filta ta toshe, ƙofar nan sai ta buɗe, mai ya riƙa wucewa ba tare da an tace shi ba, don kada inji ya bushe. Babu wata fitila da za ta kunnu ta gaya maka. Mota na tafiya lafiya lau, kai kana ganin ka yi juye, alhali ƙura da garin ƙarfe ne ke zagaya injinka. Haka ma jabun filta mai araha, wadda takardarta ke rugurgujewa a ciki.

Ko yawan man ma ba a tambaya. RAV4 mai inji 2.5 tana shan lita 4.4 idan an canza filta. Highlander da RX 350 masu inji 3.5 suna shan kusan lita 6. Galan kuwa lita 4 ne ko 5. Sai a juye galan ɗaya, a ce bai kai ba, a tura yaro bakin titi ya sayo ciko a cikin gorar ruwa, man da babu wanda ya san sunansa balle asalinsa. Wani kuma ya cika ya wuce alama, wai don a huta, alhali man da ya yi yawa kumfa yake yi, kumfa kuma ba ta kare ƙarfe.

Masu motocin da suka zo daga Amurka, ku lura, agogon motarku mil yake ƙirgawa, ba kilomita ba. Mil 5,000 kilomita 8,000 ne. Shi ne kuma iyakar da Toyota ta sa wa motar da ke yawo cikin ƙura ko yawan tsayawa inji na kunne: mil 5,000 ko wata 6. Ƙurar hunturu da cunkoson Kantin Kwari da zaman jiran yara a ƙofar makaranta da sanyin mota a kunne, duk mu ake nufi.

Amma jama'a, akwai abin da ba zan iya wucewa ban faɗa ba. Tsohon man da aka juye, ina yake zuwa? Ku dubi ƙasar kowane gareji, baƙa ƙirin, ko ciyawa ba ta fitowa. Wani ma a bakin kwata yake ajiye motar, ya kwance noti, ya bar man ya bi ruwa. A Kano, kwatocin unguwanni da yawa a Jakara suke ƙarewa, kuma da ruwan Jakara ake ban ruwan latas da alayyafo da kabejin da ke dawowa kasuwa mu saya. Abin da bai bi kwata ba yana nutsewa ƙasa, a unguwannin da rijiya ce abin shansu. Tsohon baƙin mai yana ɗauke da guba da garin ƙarafa, littattafan motocin nan da kansu suna gargaɗi cewa yawan taɓa shi na iya jawo sankarar fata. Yaran nan 'yan koyo, 'yan shekara goma sha, hannunsu tsundum a cikinsa tun safe har magariba, su wanke da fetur, su sa hannu a kwanon abinci. 'Ya'yan wasu ne, amana ce aka ba ka, mai gareji. Wasu kuma har dabba suke shafa wa shi wai maganin ƙazuwa, dabbar da gobe za a yanka mu ci.

Tsohon man da aka tara kuma bai tsira ba. Akwai masu bi gareji-gareji suna sayen tsohon mai da galan-galan da babu komai a ciki. Me mutum zai yi da galan mai tambari mai kyau, in ba don ya sake cika shi ba? A tace tsohon mai, a haɗa shi da wani abu, a ɗura, a liƙe baki, ya dawo kanti a matsayin sabo. Shi kuwa irin wannan man, in an murza shi a yatsa, kauri gare shi. Sai bakanikenmu ya ce yauwa, wannan shi ne mai.

Don haka maigida, hajiya, ranar juye ku je da ƙafarku. Aikin bai kai awa ɗaya ba. Ku karanta abin da ke kan murfin, ku saya a wurin dillalin da kuka amince da shi, a buɗe galan a gabanku. Ku ce a nuna muku tsohuwar filta da tsohon zobe a hannu. In an gama a tayar da mota, a leƙa ƙasa a ga ko tana ɗiga, a kashe, a jira minti biyar, a zaro geji ku gani da idonku. Galan ɗin da ya ƙare kuma ku sa wuƙa ku farke shi kafin ku bar wurin.

Ku kuma shugabannin ƙungiyoyin makanikai, ku ne yara ke jin maganarku. Ku sa doka kowane gareji ya ajiye duro mai murfi na tara tsohon mai, a daina zubarwa a kwata, a san kuma wanda ake sayar wa. Ku saya wa yaran nan safar hannu da sabulu. Ku zaunar da iyayen gida, har waɗanda suka yi furfura a kan sana'ar, ku nuna musu abin da lambobin nan na kan murfi da galan ke nufi. Don girman Allah kada a yaye yaro ko ɗaya bana bai iya karanta su ba.